Ciwon Haƙori Da Haɗarin Wuce Ƙa'ida Wajen Shan Maganin Kashe Zafi

Cikin cututtukan da ke hana ɗan Adam barci, da wuya a sami wanda ya kai ciwon haƙori naci. Yakan fara da ɗan tsami in an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi, sa'an nan a hankali ya koma zogi, har ya kai mutum ya kasa tauna, ya kasa fita wurin sana'arsa, ya kwana zaune riƙe da kunci. A irin wannan hali galibin jama'a ba asibiti suke fara nufa ba. Kemis na bakin layi suke zuwa, ko su nemi ragowar maganin da ke gida, su haɗiyi ƙwayar kashe zafi. Yin haka ba laifi ba ne muddin an tsaya a kan ƙa'ida. Dalilin shirya wannan ƙasida shi ne, ciwon haƙori yana cikin manyan abubuwan da kan sa mutum mai cikakken hankali, wanda bai taɓa nufin cutar da kansa ba, ya sha magani fiye da abin da jikinsa zai iya ɗauka, har hantarsa ta lalace bai sani ba.

Ba a ƙasar nan kaɗai ake fama da wannan ba. A wani babban asibiti da ke birnin Notingam na Ingila, likitoci sun bi lissafin mutanen da aka kawo cikin shekara biyu saboda sun sha farasitamol fiye da kima ba da gangan ba, suka buga sakamakon a 2018. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na mutanen nan ciwon haƙori ne ya kai su. Wannan kuwa a ƙasar da tun 1998 doka ta iyakance yawan ƙwayar da za a sa a ƙunshi guda, watau 16 a kantin kayan masarufi, 32 a kantin magani. To, ina ga inda ake samun ƙwayar a tashar mota, da kan faifan mai talla, da cikin bas tsakanin Legas da Kano?

Abin Da Ke Faruwa Cikin Haƙori

Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne kamar yadda ake ganinsa daga waje. Yana da farin ɓawo wanda ya fi kome tauri a jikin mutum. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe da bai kai shi tauri ba, sa'an nan can tsakiya akwai ɗan kogo inda ɓargon haƙori yake, watau tsoka mai laushi tare da hanyoyin jini da jijiyar da ke jin zafi.

Mutanen da sukan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Babu tsutsa a ciki, amma akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, suna zaune a daɗɗaurar da ke manne wa haƙora. Abincinsu shi ne sukari da ragowar abinci mai zaƙi. In sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon kaɗan kaɗan, wata da watanni, har rami ya buɗe. Ranar da ramin ya kusanci ɓargo, ɓargon sai ya kumbura.

A nan ne ciwon haƙori ya bambanta da sauran ciwo. Idan hannu ko ƙafa ta kumbura, fata takan miƙe ta ba kumburin wuri. Ɓargon haƙori kuwa a kulle yake cikin ɗaki mai bango kamar dutse, ba shi da inda zai miƙe, saboda haka kumburin sai ya matse jijiyar. Shi ya sa ake jin zogin yana bugawa daidai da bugun zuciya, shi ya sa kuma yake tsananta da dare, domin in mutum ya kwanta jini ya fi taruwa wajen kai.

Maganin kashe zafi ba ya toshe rami, ba ya kuma fitar da mugunya. Iyakar aikinsa ya rage jin zafin na awa huɗu zuwa shida, a ciwo mai tsanani ma ba ya kai haka. Da ƙarfinsa ya sauka sai zogin ya dawo yadda yake, domin sanadin yana nan. Abu na biyu da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, farasitamol yana da iyakar da aikinsa ke tsayawa. Wanda ya haɗiyi huɗu a lokaci guda bai fi wanda ya haɗiyi biyu samun sauƙi ba. Abin da ya ƙaru gare shi kawai nauyi ne a kan hanta.

Yadda Ƙwayoyi Ke Taruwa Ba A Sani Ba

Ƙa'idar farasitamol ga baligi mai lafiya ita ce ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu tsakanin sha da sha, kada kuma a wuce ƙwaya 8, watau miligiram 4,000, cikin awa 24. Ba daga asuba ake fara ƙirga awa 24 ɗin ba. A duk lokacin da mutum zai sha, sai ya waiwaya ya ƙirga abin da ya sha tun daga daidai wannan lokaci jiya.

A ɗauki misalin direban babbar mota wanda turminsa na ƙasa ya yi rami, ga shi kuma yana kan hanya da kaya. Da asuba ya sha biyu. Wajen hantsi zogi ya dawo, ya ƙara biyu. Da azahar ya tsaya a wani kemis ya ce a haɗa masa magani, aka ƙulle masa ƙwayoyi kala-kala a leda, ɗaya daga cikinsu farasitamol ce amma ba a faɗa masa ba. Bayan awa biyu yaron motarsa ya ba shi Panadol Extra guda biyu, ya ce wannan ta fi ƙarfi. Da la'asar ya ji kansa ya yi nauyi, ya zaci mura ce, ya sha ƙwayar mura ɗaya. Bayan isha'i ya sha biyu. Da ya kwanta ciwon ya hana shi sakat, ya sha uku, can wajen ƙarfe biyun dare ya sake shan uku. In aka tara, ya sha ƙwaya 16, kimanin miligiram 8,000, ninki biyu na iyakar da aka yarda da ita. Da za a tambaye shi, cewa zai yi ai shi bai sha wani abin a zo a gani ba, magunguna daban-daban ne ya gwada. Gobe kuma haka zai maimaita, da jibi.

Abubuwa uku ne suka ruɗe shi, kuma su ne ke ruɗin yawancin mutane. Na farko shi ne suna. Farasitamol magani ɗaya ne amma kamfanoni da yawa ke yin sa, kowanne da sunan da ya sa masa da kalar kwalinsa. Panadol farasitamol ne. Panadol Extra ma farasitamol ne mai miligiram 500 cif, an dai ƙara masa sinadarin da ke cikin goro da gahawa. Yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi a haɗe da wasu abubuwa. Hanta ba ta karanta sunan kwali, jimillar kawai take ɗauka. Saboda haka babban suna mai ado da ke gaban kwali ba shi ne abin dubawa ba. A nemi ƙananan rubutun da ke bayyana abin da ke ciki. In an ga Paracetamol, ko Acetaminophen kamar yadda ake rubutawa a magungunan da suka fito daga Amurka, to abu ɗaya ne. Wanda ba ya karanta boko ya sa a karanta masa.

Na biyu shi ne al'adar nan ta haɗi, inda mai kanti ke ɓare ƙwayoyi daga mazubinsu ya cakuɗa su a leda ko takarda. Mai saye ba ya sanin sunansu balle ƙarfinsu, kuma ranar da abu ya ɓaci likita ma ba zai san abin da aka sha ba. Ƙwayar da ba ta cikin mazubinta, ba ta da suna, ba ta da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, ba abin haɗiya ba ce ko da kyauta aka bayar.

Na uku shi ne dare. Mai zogi da ƙarfe biyun dare ba ya lissafi, ba ya ma tuna ko ɗazu ya sha ko bai sha ba. 

Aikin Hanta Da Iyakar Ƙarfinta

Duk farasitamol da aka haɗiya sai ya bi ta hanta. Mafi yawansa hanta tana sarrafa shi ya zama abin da ba ya cutarwa, ya fita ta fitsari. Amma ɗan kaɗan daga ciki yakan rikiɗe ya zama guba. Allah ya hore wa hanta ajiyar wani sinadari da likitoci ke kira gulutatayon, wanda ke kama gubar nan ya kashe ta nan take. Ajiyar kamar rumbu take: in ana ɗiba daidai da yadda ake zubawa, ba za a ga ƙasansa ba. Wanda ya tsaya a kan ƙa'ida, hantarsa tana mayar da abin da aka ɗiba kafin a sake buƙata. Wanda ya yi ta ƙari a kan ƙari, sai rumbun ya ƙare, gubar ta rasa mai kama ta, ta auka wa naman hanta kanta tana kashe shi.

A nan ciwon haƙori yake da wani sharri na musamman. Jiki daga abinci yake samun kayan da yake haɗa gulutatayon da su. Mai ciwon haƙori kuwa ba ya iya tauna, yakan yi kwana biyu ko uku daga koko sai ruwan shayi. Ke nan a daidai lokacin da yake ɗora wa hanta kaya mafi nauyi, a lokacin ne rumbunta ya fi zama fanko.

Akwai kuma waɗanda ko ƙwaya 8 ɗin ma ta yi musu yawa. Cikinsu akwai wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, da tsoho mai rauni, da wanda ya daɗe ba ya samun isasshen abinci, da mai shan giya ko burukutu kullum, da mai shan maganin tarin fuka ko wasu magungunan farfaɗiya, da mai ciwon hanta. Batun ciwon hanta ba ƙaramin abu ba ne a Nijeriya. Binciken ƙasa baki ɗaya da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin kowane 100 na baligai suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, yawancinsu kuwa ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru ba ta nuna alama. Duk wanda ya san yana cikin waɗannan rukunai, likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ne zai yanka masa adadin da zai sha.

Yara ƙanana lissafinsu daban ne, da nauyin jikinsu ake auna musu. Ruwan farasitamol na yara ba ƙarfinsa ɗaya ba, wani kwalba ya ninka wani, saboda haka a bi abin da ke rubuce a jikin kwalbar da ke hannu, a yi amfani da cokalin awo da ya zo da ita, kada kuma a wuce sau huɗu cikin awa 24.

Alamomi Masu Ruɗi

Da a ce hanta tana kuka da wuri kamar yadda haƙori ke yi, da abin ya zo da sauƙi. Sai dai ita shiru take yi. A rana ta farko mutum ba ya jin kome, ko kuwa ya ji tashin zuciya da amai da kasala da zufa. A rana ta biyu zuwa ta uku aman yakan lafa, har ya zaci ya warke, alhali kuwa a lokacin ne ɓarnar ke nisa. Wani yakan ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Daga rana ta uku zuwa ta huɗu ne ido ke yin rawaya, fitsari ya yi duhu, jini ya riƙa fita daga dasashi ko hanci, mutum ya fara ruɗewa, yana barci da rana yana sambatu da dare, daga nan sai suma. Ƙoda ma takan tsaya.

Haɗarin da ke cikin waɗannan alamomi shi ne sun yi kama da na cututtukan da aka saba da su. Kasala da amai da ciwon jiki, kowa zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, maganin farko da za a miƙo kuwa shi ne farasitamol, watau a ƙara wa wuta makamashi. In ido ya yi rawaya sai a ce shawara ce, a shiga jiƙe-jiƙen saiwoyi a gida, kwanakin da suka rage na ceto su wuce.

An fara sayar da Panadol a Ingila a 1956, kuma sai a 1966 likitoci a Sikotilan suka fara ba da rahoton mutanen da hantarsu ta lalace saboda yawan shansa. A can ɗin ne dai, a birnin Edinbara, likitocin sashen dashen hanta suka duba marasa lafiya 663 da aka kawo musu daga 1992 zuwa 2008 da hanta ta lalace sanadin farasitamol. Mutum 161 daga ciki ba a zama ɗaya suka sha ba, kaɗan kaɗan suka yi ta ƙarawa, galibi don neman sauƙin ciwon kai ko na ciki ko na haƙori. Abin mamaki, waɗannan su suka fi mutuwa, fiye da waɗanda suka haɗiyi tuli a lokaci guda. Dalili a bayyane yake. Wanda ya haɗiyi tuli an san abin da ya yi, a guje ake kai shi asibiti. Wanda ya yi ta ƙarawa biyu biyu bai san ya yi wani abu ba, sai hanta ta gaza ake kawo shi.

Sauran Magungunan Kashe Zafi

Bayan farasitamol akwai wani dangi na magunguna da ya haɗa da asfirin da ibufurofen da dikilofenak da firoksikam. Waɗannan suna rage kumburi, don haka sukan fi farasitamol tasiri a kan haƙori. Ɓarnarsu ba a hanta ta fi yawa ba, a ciki take da ƙoda. Suna rage kariyar da ke hana ruwan narka abinci cin bangon tumbi, sai gyambo ya fito, wani lokaci ya ɓalle da jini. Alamarsa zafi a ƙahon zuciya, da aman jini ko amai mai kama da dusar gahawa, da baƙin bayan gida kamar kwalta. Mai shan su da yunwa, kwana da kwanaki, shi ya fi shiga wannan haɗari, wanda kuma shi ne halin mai ciwon haƙori.

Ƙa'idar ibufurofen ga baligin da ya saya da kansa ita ce miligiram 200 zuwa 400 bayan cin abinci, kada a wuce miligiram 1,200 cikin awa 24 sai da umarnin likita. Ba a haɗa biyu daga cikin dangin nan a sha tare. Wanda ya sha ibufurofen, ya bi shi da dikilofenak, ya kuma kaɗa garin Alabukun ya sha, wanda shi ma asfirin ne a ciki, dangin magani ɗaya ya sha sau uku da sunaye uku. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai asma, da mai shan maganin tsinka jini, da mace mai juna biyu, su nisanci dangin nan sai likita ya ce. Yaron da bai kai shekara 16 ba ba a ba shi asfirin.

Wasu sukan ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙorin ko su cusa ta cikin ramin. Asfirin ba ta aiki ta nan, ƙona dasashi kawai take yi ya yi fari ya saluɓe. Haka ma ruwan batir da fetur da garin taba da wasu ke ɗigawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Shi kuwa tiramadol da kodin, ba magungunan saye da ka ba ne. Yawansu yana jawo farfaɗiya ko ya danne numfashi mutum ya wuce cikin barci, ga kuma kamu da sukan yi wa mai sha. Saboda ɓarnar da kodin ya yi wa matasa ne Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Ga ciwon haƙori ma ba su fi ibufurofen da farasitamol da aka sha bisa ƙa'ida aiki ba.

In An Riga An Wuce Ƙa'ida

Duk wanda ya ƙirga ya ga ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, ko ya kasa tuna nawa ya sha amma ya san da yawa ne, lalle ne ya daina sha nan take, ya tafi asibiti a ranar, ko da yana jin garau. Jin garau ba shaida ba ce, kamar yadda bayani ya gabata. Ya tafi da kwalaye da ledoji da ragowar duk abin da ya sha, har da na gargajiya, ya faɗi gaskiyar adadi da lokaci gwargwadon tunawarsa. Babu abin kunya a ciki, likitoci sun saba ganin irinsa.

Kada a sa shi amai da gangan. Manja da madara, waɗanda aka saba ɗura wa wanda ya sha guba, ba sa hana farasitamol isa hanta, ɓata lokaci kawai suke yi. Gawayin da ake bayarwa a asibiti ga wanda ya iso da wuri na musamman ne, ba na murhu ba.

Farasitamol yana da makari, sunansa asetilsistin. Likitocin Edinbara ne suka tabbatar da amfanin ba da shi ta jijiya a ƙarshen shekarun 1970. Aikinsa ya cika wa hanta rumbun nan da ya ƙare. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa na kusan kwana guda, ana kuma auna jini don ganin halin hanta da ƙoda. In an fara shi cikin awa 8 da shan magani, kusan kowa yana tsira ba tare da lahani ba. Bayan haka ma yana da amfani, sai dai ƙarfinsa na raguwa da kowace awa. Ga wanda ya yi ta sha kaɗan kaɗan, ba a iya cewa ga lokacin da awa 8 ɗin ta fara, shi ya sa likitoci ba sa jiran alama kafin su soma. Hanta tana da wata baiwa, in an cece ta da wuri takan sake tofo ta koma yadda take. In kuwa ta mutu gaba ɗaya, sai dashen wata, aiki mai tsada ƙwarai wanda ba kowace ƙasa ake yin sa ba.

Kafin A Ga Likitan Haƙori, Da Kuma Ranar Ganinsa

Wanda ciwo ya kama da dare ko a kan hanya yana da abin yi. Ya zaɓi magani ɗaya da ya san sunansa. Ya sami takarda, ko bayan kwalin, ya riƙa rubuta lokaci da adadi duk sa'ad da ya sha. Wanda ba ya rubutu ya ware ƙwayoyin yini guda a gefe, ya ba matarsa ko abokin tafiyarsa sauran su riƙe, in na gefen sun ƙare to an gama sai gobe. In farasitamol kaɗai bai isa ba, baligin da ba ya cikin waɗanda aka hana yana iya haɗa shi da ibufurofen, kowanne a kan ƙa'idarsa, tun da danginsu ba ɗaya ba ne. Ya daure ya ci wani abu mai laushi, kamar kunu ko fate ko ƙwai. Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi yana taimakawa, haka ma ɗora tsumma mai sanyi a kunci da tada kai da matashi biyu. Kanumfari da iyaye suka saba sawa yana ɗan kashe zafin wurin na ɗan lokaci, ba ya dai warkarwa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin jan kafso da ake saye barkatai, ba ya kashe zogin haƙori, sai likita ya ga akwai buƙatarsa.

Duk wannan na kwana ɗaya ne ko biyu. Ciwon da ya wuce haka yana neman hannu, ba ƙwaya ba. Wani lokaci zogin yakan ɗauke ɗif da kansa, mai shi ya yi murna. Sau da yawa ma'anar haka ita ce jijiyar ta mutu, ƙwayoyin cuta kuwa sun gangara saiwa, bayan kwanaki ko makonni sai ƙurji ya taso da mugunya. In kumburi ya kai ƙarƙashin haɓa ko kusa da ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe mutum, ba a jiran gari ya waye. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro.

Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa, kamar na Kano da Zariya da Maiduguri da Ibadan da Legas da Inugu da Binin, da kuma manyan asibitocin jihohi da dama. Inda babu, ma'aikacin lafiya na kusa zai faɗi inda za a je. Tsoron cirewa ne ke hana mutane da yawa zuwa, alhali ba kowane haƙori ake cirewa ba. In ramin bai kai ɓargo ba, likita yakan share ruɓar ya yi ciko. In ya kai, ana iya cire jijiyar da ta lalace, a wanke kogon a toshe, haƙorin ya zauna. Wanda ya ruɓe ƙwarai ne ake cirewa, bayan an yi allurar da ke kashe wurin. Zancen da ake yi cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba shi da tushe. Mace mai juna biyu ma ana duba ta, ta dai sanar da likita halin da take ciki. Kuɗin ciko kuwa, kome yawansa, bai kama ƙafar kuɗin jinyar hanta ko wankin ƙoda ba.

Ranar da aka je, a tafi da takardar nan da aka yi ta rubuta lokaci da adadi, a nuna wa likitan haƙori tun kafin ya fara aiki. Bayan ciko ko cirewa shi ma maganin kashe zafi zai rubuta, sai ya san abin da hanta da ciki suka riga suka ɗauka cikin kwanakin nan kafin ya yanke wanda zai bayar da yawansa, ko kuma ya fara tura mutum awon jini.